FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata a sani kafin a rataya cen-bulok a garejin gida a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Duk wanda ya taɓa kai mota gyaran inji a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san yadda ake fitar da inji daga cikinta. Ana tura motar ƙarƙashin reshen dogon-yaro, ko a kafa fayif uku a haɗe kawunansu da guntun rodi, sannan a rataya cen-bulok. Maigidan gareji yana tsaye yana ba da umarni, yaro ɗaya yana jan sarƙa, wani kuma, wanda sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta, yana rigingine a ƙasa yana kunce notin ƙarshe. A daidai wannan lokaci, ƙarfen da ya ninka nauyin yaron sau uku ko sau huɗu yana reto a saman ƙirjinsa, kuma babu wanda ya taɓa auna ko abin da aka rataya shi a kai zai iya riƙe shi.

Kanikawan da suka ɗan samu hali sukan nemi fita daga wannan yanayi ta hanyar kafa dogon ƙarfe a saman wurin aikinsu, a ƙofar gida ko a fegin da suka killace, su ɗora masa 'yar kura mai tayoyi wadda cen-bulok zai riƙa tafiya da ita. Dabara ce mai kyau. Sai dai idan an yi ta da ka, haɗarinta ya fi na reshen bishiya, domin tana sa mutane su saki jiki. Wannan fashin baƙi ya duba yadda ake kafa ta, inda ake kuskure, da kuma wanda doka ta ɗora wa alhakin sa ido.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Ƙaura Namoda mahaɗa ce. Daga nan hanya ke miƙewa zuwa Shinkafi, wata ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya a Jihar Katsina, wata kuma ta gangara Gusau. Motocin da ke jigilar hatsi, dabbobi da 'yan kasuwa zuwa kasuwar Alhamis ta Shinkafi duk waɗannan hanyoyi suke bi, kuma shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga na tare su. A watan Satumbar 2021 lamarin ya kai gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan sadarwa a faɗin jihar.

A da, idan babban gyara ya taso, mai mota kan ja ta zuwa Gusau ko Kano. Yanzu kowace tafiya kasada ce, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin jan mota ya zama wani nauyin na daban. Don haka gyaran da ya fi ƙarfin ƙaramin gareji ya dawo ƙaramin gareji: injin bas, giyabos ɗin Kanta, injin niƙa, injin casar shinkafa, janareta, har da tarakta. Masu yin aikin kuwa, da yawansu samari ne da yara masu koyon sana'a, ciki har da waɗanda rashin tsaro ya raba iyayensu da gonakinsu.

Idan inji ya faɗo wa mutum, maganar ta wuce ɗinki. Karayar ƙugu ko ta ƙashin baya tana buƙatar asibitin da ke da likitan ƙashi, wato Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hanyar da aka guje wa saboda mota, ita za a bi da majinyaci.

Sassa huɗu, kowanne da iyakarsa

Na farko shi ne cen-bulok ɗin kansa. Yana da sarƙa biyu: siririya wadda ake ja da hannu, da kakkaura wadda ke ɗauke da kaya. A tsakaninsu akwai giyoyi masu ninka ƙarfin hannu. A na tan ɗaya, mutum kan ja kimanin mita 40 na siririyar sarƙa kafin kaya su tashi mita ɗaya, amma ƙarfin da yake sawa bai wuce na ɗaga kilo 30 ba. A cikinsa akwai birki mai kama kansa, wanda nauyin kayan ne ke ƙara matse shi, shi ya sa idan an saki sarƙa kaya ba sa zamewa. Irin wannan birki yana ɗauke da sunan Thomas Weston, wanda ya ƙirƙiro wani nau'in na'urar ɗaga kaya da sarƙa a Ingila a 1854. Na'urar ba ta buƙatar lantarki, abin da ya sa ta dace da garuruwan da wuta ba ta zama.

Na biyu ita ce kura: faranti biyu na ƙarfe masu tayoyi huɗu, waɗanda ke gudu a kan leɓen ƙasa na dogon ƙarfen. Ita ke ba da damar a ɗaga inji, a tura shi gefe, a sauke a kan benci ba tare da an motsa mota ba.

Na uku shi ne dogon ƙarfen, mai siffar harafin I idan an dube shi ta baki, wanda magina da masu walda ke kira bim. Na huɗu kuma ginshiƙan da ke riƙe da bim ɗin, tare da tushensu a cikin ƙasa.

Ƙa'idar da ta haɗa su ita ce, ƙarfin kafin gaba ɗaya yana daidai da ƙarfin sashen da ya fi rauni. Daga cikin huɗun nan, cen-bulok da kura ne kawai ke zuwa daga masana'anta da lambar nauyin da za su iya ɗauka. Bim da ginshiƙai ba su da lamba sai wadda aka lissafa musu. A nan ne akasarin matsala take: mutum ya ga an rubuta tan 3 a jikin cen-bulok, sai ya ɗauka duk abin da ya rataya shi a kai ya zama na tan 3.

Nauyi nawa za a ɗaga?

Kafin a sayi komai, wannan ce tambayar farko. Injin ƙaramar mota irin Golf yana kai kimanin kilo 150. Na bas ko Hilux mai amfani da gas yana haura kilo 200, kuma idan an ciro shi haɗe da giyabos sai a ƙara wasu gommai. Na Kanta yana tsakanin kilo 300 da 400. Na tirela kuwa yana kusan tan ɗaya, wani ma ya haura.

Wannan nauyin kaya ne a zaune lafiya. Da zarar an fizgi sarƙa, ko kaya sun yi tsalle, nauyin da ƙarfe ke ji yana ƙaruwa, shi ya sa injiniyoyi ke ƙara wani kaso a kan nauyin a lissafinsu. Akwai kuma wani haɗarin da kowane bakanike ya sani: a manta noti ɗaya ba a kunce ba, ana jan inji, ashe gaban motar gaba ɗaya ake ɗagawa. Cen-bulok ba ya faɗa wa mai ja cewa kaya sun ninka. Alamar da yake bayarwa ɗaya ce: sarƙa ta yi tauri. An ƙera shi ne domin mutum ɗaya ya ja, saboda haka duk lokacin da aka ga sai mutum biyu sun taru a kan sarƙa, nauyi ya wuce ƙima, a tsaya.

Ga garejin ƙananan motoci da bas, kafin tan ɗaya ya wadatar. Mai gyaran manyan motoci yana buƙatar na tan 2 zuwa 3, kuma wannan ya wuce aikin da za a yi ba tare da zanen injiniya ba.

Lissafin da ido ba ya gani

Abin da ya fi ruɗar mutane game da bim shi ne tazarar da ke tsakanin ginshiƙansa. Idan aka ninka tazarar sau biyu, wahalar da ƙarfen ke sha a tsakiyarsa tana ninkawa sau biyu, lanƙwasawarsa kuma tana ninkawa sau takwas.

Ga misali. Bim mai zurfin santimita 20, irin wanda kowace mitarsa ke da nauyin kusan kilo 22, idan an ɗora shi a kan ginshiƙai masu tazarar mita 3 aka rataya masa tan ɗaya a tsakiya, zai sunkuya da kusan milimita ɗaya da rabi. Shi ɗin dai, idan tazarar ta zama mita 6, zai sunkuya da kusan milimita 11. Ƙaramin bim mai zurfin santimita 14 kuwa, a tazarar mita 6, zai sunkuya da kusan santimita 4. A wannan hali kura za ta riƙa gangarawa tsakiya da kanta ɗauke da kaya, kuma siririn bim mai tsawo yana iya murɗewa ya kife gefe tun kafin ya kai ga karyewa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada sunkuyawar ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na tazarar, wato milimita 6 a mita 3.

Darasin a fili yake: a taƙaita tazara iya faɗin da aiki ke buƙata, a kuma fifita bim mai zurfi a kan mai faɗi. Wanda zai sayi ƙarfe, ko a Gusau ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da abin awo ya auna kaurin leɓe da na tsakiya, domin bim biyu suna iya zama tsayi ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya kauri nesa ba kusa ba. Na hannu ba laifi ba ne idan miƙaƙƙe ne, tsatsa ba ta ci shi ba, kuma ba guntaye aka haɗa da walda a tsakiya ba. Araha dai ba ta ado.

Inda ba a rataya kaya

Katakon rufin kwano an yi shi ne domin ya riƙe kwano, kuma gara tana cin cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Azara da bangon ƙasa ba su san nauyin da ke taruwa a wuri ɗaya ba. Bulo mai rami, musamman wanda aka buga da ƙarancin siminti, yana rugujewa a ƙarƙashin bakin bim ko da bangon yana da kyan gani. Reshen bishiya kuwa ba ya sanarwa kafin ya tsage.

Akwai wata jarabawa da ta keɓanta da wannan yanki. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, nan ne kuma ya tuƙe, kuma jirgi ya daɗe bai bi shi ba. Wani zai ga ƙarfen dogo ya ce ai abin da ya ɗauki jirgi zai ɗauki inji. Da farko, ƙarfen mallakin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, kuma saye ko sayar da shi ta bayan fage laifi ne. Na biyu, an yi shi ne ya kwanta a kan matasai kusa da kusa, ba ya yi gada a sararin sama ba. Na uku, ƙarfe ne mai tsauri wanda ke tsagewa a bakin walda idan an yi masa irin waldar da aka saba, kuma tsagar ba lallai ta fito ranar da aka yi ba.

Yadda ake kafawa

Mafi aminci ga garejin gida shi ne kafi mai zaman kansa, wanda bai jingina da gini ba. Ana haƙa rami biyu har a wuce yashin sama a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare da rodi, a dasa notuna a ciki, a bar shi ya yi ƙwari. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma gaggawa a nan ba ta da riba. Ginshiƙai su zama na fayif mai kauri ko ƙarfe mai siffar H, kowanne da farantin ƙarfe a gindinsa da kansa.

Bim ya zauna a kan ginshiƙi, a ɗaure shi da notuna masu ƙarfi. Kada a manna shi a gefen ginshiƙi a bar walda kaɗai ta riƙe shi. A sa tokare a kusurwoyi, a kuma tokare ginshiƙan ta gaba da baya, domin kafin da ya iya ɗaukar nauyi a tsaye yana iya kifewa idan kaya suka yi lilo. A tabbatar bim ya kwanta daidai da ma'aunin ruwa na magina. Tsayinsa daga ƙasa, ga ƙananan motoci, ya kai kimanin mita 3, domin kura da cen-bulok kaɗai suna cinye kusan rabin mita.

Kura tana zuwa da zobban ƙarfe da ake ƙarawa ko ragewa domin ta dace da faɗin leɓen bim. A raba su daidai a ɓangarorin biyu domin ƙugiya ta zauna a tsakiya, a bar ratar milimita 2 zuwa 3 tsakanin taya da leɓe. Sannan a ɗaure guntun ƙarfe a kowane ƙarshen bim domin ya tare kura. Wannan ƙaramin abu shi ne aka fi mantawa, kuma rashinsa na nufin kura da cen-bulok da inji su fice ta baki gaba ɗaya.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Ƙa'ida ita ce a gwada da nauyin da ya haura wanda za a riƙa ɗagawa da kashi 25 cikin ɗari. Ga kafin tan ɗaya, buhun siminti 25 ke nan, tunda kowanne kilo 50 ne. A ɗaga su taƙi ɗaya kawai daga ƙasa, kowa ya ja baya, a bar su kamar minti goma, a ja zare a auna sunkuyawar bim, sannan a tura kura daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Bayan an sauke, bim ya koma yadda yake. Idan bai koma ba, ya gaza. Idan ya ci gwaji, a rubuta nauyin da fenti a jikinsa da manyan lambobi, yadda ko baƙo zai gani.

Kura-kuran yau da kullum

Ko kafi ya yi kyau, yadda ake ɗaure kaya yana iya ɓata komai. Ba a naɗe inji da sarƙar cen-bulok a maƙala ƙugiya a jikinta, ana amfani da sarƙa ko majanyi na daban da aka yi domin haka. Tsohon bel ɗin kujera da igiyar ɗaurin kaya ba su cikin lissafi. Idan an ɗaure kaya ta wuri biyu, buɗewar da ke tsakanin igiyoyin tana da tasiri: a digiri 60 kowace igiya tana ɗauke da kusan kashi 58 cikin ɗari na nauyin, a digiri 90 kashi 71, a digiri 120 kuwa kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin gaba ɗaya.

Ba a jan kaya a karkace, sai ƙugiya ta daidaita a saman tsakiyarsu. Sarƙar da ta tsinke ba a yi mata walda ko a haɗa ta da noti, domin an gasa ƙarfenta ne ta hanya ta musamman kuma wuta tana kashe wannan ƙarfin. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe ba a mayar da shi da guduma, sauya ta ake yi. Ana shafa wa sarƙa mai, amma mai ko giris ba ya kusantar faifan birki. Ƙurar hunturu tana shiga cikin na'urar, don haka a riƙa rufe ta idan an tashi aiki.

Sama da duka, ba a shiga ƙarƙashin kayan da ke rataye. Cen-bulok na ɗagawa ne, ba na ajiya ba. Idan aiki ya tilasta a sa hannu a ƙasa, a fara tokare kayan da katako mai kauri ko ƙafafun ƙarfe.

Me doka ta ce, wa ke sa ido?

Najeriya ba ta rasa doka a kan wannan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tanadi cewa sarƙoƙi, igiyoyi da na'urorin ɗaga kaya su kasance masu inganci, a rubuta nauyin da za su iya ɗauka, kuma ƙwararre ya riƙa duba su lokaci-lokaci. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan na'urorin ɗaga kaya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta sanya masu koyon sana'a da ma'aikatan da ba na ofis ba cikin waɗanda suka cancanci diyya, idan maigidansu yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsu.

A takarda ke nan. A aikace, sufetocin masana'antu ma'aikatan tarayya ne da ke zaune a manyan birane, tarar da dokar 1987 ta tanada ba ta wuce 'yan dubban naira ba, kuma yaron gareji ba shi da albashin da za a cire wa kashi ɗaya, sai ɗan abin da maigida ya miƙa masa da yamma. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna irin wannan sashe ne da ba shi da rajista. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa haɗurran wurin aiki kaɗai suna kashe kimanin mutum 330,000 a shekara. Wanda inji ya danne a bayan tasha ba ya shiga kowane kundi. A ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, a yi wa iyayensa jaje, gobe a sake rataya cen-bulok a reshen nan.

Abin da za a iya nema

Ba kowane bakanike ne zai iya sayen bim da siminti ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafi ɗaya mai inganci a kowace matattarar kanikawa, ƙarƙashin kulawar ƙungiyarsu ta NATA, zai wadatar da gareji da dama, kowa ya biya ɗan abin kula da shi.

Masu lissafin ma suna kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da aikin injiniya. Zanen kafin tan ɗaya da na tan 2, a takarda ɗaya, da bayani cikin Hausa, aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi a ƙarƙashin malamansu, a raba wa masu walda na garuruwan uku.

Sai kuma kuɗin jama'a. Yankin yana da sanatan Zamfara ta Arewa, da 'yan majalisar wakilai biyu, na Shinkafi da Zurmi da na Ƙaura Namoda da Birnin Magaji, kuma kowace shekara ana ware kuɗin ayyukan mazaɓu da sunan tallafa wa matasa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi suna da damar tambayar shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da wakilansu a Abuja: cikin abin da aka kashe da sunan koyar da sana'a, nawa ne ya tafi wajen kare ran masu koyon?

Kafin amsar ta zo, akwai abin da mai mota zai iya yi da kansa. Ranar da ya kai mota aka ce sai an sauke inji, ya ɗaga kai ya dubi abin da aka rataya cen-bulok a kai, sannan ya sunkuya ya duba ko akwai yaro a ƙasa. Idan akwai, ya ce a fito da shi kafin a ja sarƙa.